Ranar Kimo Ta Uku

"Ka ce me?"

Na tambaye shi ina riƙe da ƙyauren zaure.

Safiyanu ne, wanda nake kira Hamma, wato Yaya. Mutumin da aka yi mana baiko, wanda ya ɓace mini wata biyar cur lokacin da ake yi mini maganin sankarar mama. Ga shi tsaye a ƙofar gidanmu a unguwar Jekadafari bayan la'asar, cikin farar shadda, yana murmushi kamar jiya muka rabu.

"Na ce na dawo, Jannatina. Na cika alkawari."

"Wane alkawari?"

Murmushin ya ɗan ragu.

"Wanda kika sa na ɗauka mana. Kin ce kar in zo, kar in kira, sai kin gama magani. Jiya a masallacin Juma'a na ji an ce Baffanki ya yi sadakar godiya, likita ya ce an kammala..."

Wata biyar ina tara maganganun da zan faɗa masa ranar da Allah ya haɗa mu. Na tsara su, na gyara su, har da inda zan ɗaga murya. Yanzu na laluba cikin kaina ban sami ko ɗaya ba.

"Ni na ce kar ka zo?"

"Ke."

"Yaushe?"

"Ranar kimo ta uku. A asibiti, kina kwance ana ƙara miki ruwa."

"Hamma Safiyanu, sau biyu na kira wayarka a satin nan. Ba ka ɗauka ba."

Ya sunkuyar da kai.

"Kin ce ko ke kika kira kar in ɗauka. Sai da kika sa na rantse da Allah. Ina kallon sunanki a waya har ta katse, Jannat. Ki tambayi ƙanwarki Fauziyya, ai tana wurin."

Na zuba masa ido. Na san fuskar Safiyanu idan yana ƙarya, kunnensa yake sosawa. Hannayensa biyu suna cikin aljihu.

Abin mamaki, fushin da na daɗe ina goyo ya ɗan sauka, wani abu daban ya hau wurinsa. Ina son in sani.

"Ka je," na ce. "Zan neme ka."

Kafin ciwon nan, ni ce malamar lissafi a wata makarantar kuɗi a Barunde. Yara arba'in da uku a ajina, na san sunan kowa da na ubansa. Kimo, maganin nan da ake ɗura wa mutum ta jijiya duk bayan sati uku, ya zubar mini da gashi, ya baƙanta faratana, ya sa tafin ƙafafuna suna jin kamar ina taka auduga. Duk wannan an gaya mini tun farko. Abin da ba a gaya mini ba shi ne zan shiga ɗaki in tsaya ina tambayar kaina me ya kawo ni. Zan riƙe cokali a hannu in rasa sunansa, sai dai in ce "abin nan". Na taɓa yin sallar azahar sau biyu, na kuma taɓa tambayar Dada, mahaifiyata, ko an ci abinci alhali ga kwanona a gabana na cinye.

Amma manta cokali daban, manta cewa na kori mutumin da nake so daban.

Na sami Dada a tsakar gida tana tsinke zogale.

"Dada, ranar kimo ta uku, ke kika raka ni?"

Ta ɗan yi tunani.

"A'a. Ranar na tafi ta'aziyya Kumo. Fauziyya ce ta kai ki. Shi ne a waje, ko? Na ji muryarsa."

"Ya ce ni na kore shi."

Dada ta ajiye zogalen.

"Kin dawo ranar kamar ba ke ba. Kwana biyu kina barci. Da kika tashi kika fara tambayarsa. Baffanki ya ce ba za a je a roƙi kowa ba, wanda ya tafi ya tafi. Abin da na sani ke nan."

Fauziyya 'yar ƙanwar Dada ce, a gidanmu take zaune tana karatun jami'a. Ɗakinmu ɗaya, Adda take kirana, wato Yaya. Ita ta aske mini ragowar gashina da ya fara zuba, ita take riƙe mini roba idan amai ya taso. Na same ta tana guga.

"Fauziyya, ranar nan na ce wa Safiyanu kar ya sake zuwa?"

Ba ta ɗago ba.

"Adda, ai na gaya miki tun lokacin. Ɗankwalinki ne ya zame, ya ga kanki, ya tashi ya fita. Shi ke nan."

"Ban ce masa komai ba?"

"Ni dai ban ji ba."

"Ya ce in tambaye ki."

"To ai kin tambaye ni."

Ta ci gaba da guga hannun riga ɗaya, ta guga ta sake gugawa. Na zauna bakin katifa ina kallonta. Mutum biyu, ina son kowannensu, kuma ɗaya yana yi mini ƙarya. Ni da ya kamata in raba gardamar, babu abin da na riƙe daga ranar sai launin labulen ɗakin, shuɗi, da ɗanɗanon ƙarfe a bakina.

Ran Litinin da safe na hau keke napep na nufi asibiti, ban gaya wa kowa ba.

Sista Hilda ce ma'aikaciyar jinyar da take sa mana ruwa a ɗakin kimo. 'Yar Kaltungo ce, doguwa, mai yawan tsokana. Tana ganina ta ware hannu.

"Malama Jannat, wa ya ce ki dawo? Kewar allurata kike yi?"

Ta ɗaga gefen ɗankwalina ta leƙa.

"Kai, gashi ya fito. Laushi kamar na jariri."

Na jira ta gama da wata tsohuwa, sannan muka zauna a benci a baranda.

"Sista, kin tuna ranar kimo ɗina ta uku?"

Dariyarta ta tsaya.

"Ke ba ki tuna ba?"

"Ko kaɗan."

Ta ja numfashi.

"Ba ke kaɗai ba ce. Cikin magungunan da muke haɗawa don hana amai akwai mai sa barci. Wani zai yi hira ras da shi a jiki, gobe ka tambaye shi ya ce bai san an yi ba. Ga kimo ɗin shi ma yana taɓa tunani, mata da yawa suna kawo kukan mantuwa. Wasu yana sakinsu cikin watanni, wasu yana daɗewa. Amma ni na tuna ranar, don har gida na kai wa mijina labarin."

"Me ya faru?"

"Saurayinki ya sauka karɓo magani. Sai wata dattijuwa ta shigo da kwanon fura, ta ce ita ce mahaifiyarsa."

Goggo Jumma ke nan. Ban taɓa sanin ta zo ba.

"Ta fara tare ni a bakin ƙofa, wai in gaya mata ko za ki haihu bayan wannan magani. Na ce ba hurumina ba ne. Ta zo ta zauna kusa da ke ta yi magana ƙasa-ƙasa, ban ji ba. Ba ta daɗe ba ta tafi. Da shi ya dawo, kika ce ya zauna."

"Sai na ce me?"

"Kin ce ba kya son ya aure ki don tausayi. Kin ce ya tafi ya zauna da kansa, kar ya zo, kar ya kira, har a gama komai. In bayan nan har yanzu ke yake so, ya dawo. Ya ƙi. Ya durƙusa a nan gaban gadon, babban mutum, yana kuka. Kika ce in bai rantse ba za ki cire ruwan da hannunki, har kin kama robar. Ni na riƙe hannunki. Shi ne ya rantse."

Na rufe fuska da tafin hannu. Kunya ta kama ni, tare da wani irin mamakin matar nan da Sista take ba ni labarinta. Ni ce, amma ban san ta ba.

"Ɗankwalina ya zame?"

"Wane ɗankwali? Hula ce a kanki ranar, mai ruwan toka. Ba ta motsa ba."

"Ƙanwata fa? Tana ina?"

"A bakin gadon, tana yi miki fifita."

Daga asibitin na kira shi. Bugu ɗaya ya ɗauka.

Shagonsa yana hanyar Kagarawal, inda yake haɗa wa mutane wutar sola. Ya share mini kujera da hularsa, ya juya fanka ta fuskance ni, don zafin nan da yake taso mini ba gaira ba dalili ya taso, gumi ya jiƙa wuyana.

"Na je wurin Sista Hilda," na ce. "Gaskiyarka ce. Ka yafe ni."

"Babu abin yafiya, Jannatina."

"Akwai. Wata biyar ina zaginka a zuciya."

Ya yi 'yar dariya, idonsa ya yi ja.

"Amma ai kin san ina nan. Duk Juma'a ina kiran Fauziyya in ji jikinki. Zumar da na aika daga Mambila, da hular sanyi..."

"Wace zuma?"

Muka kalli juna.

"Tana cewa kin karɓa," ya faɗa a hankali. "Tana cewa kin ce in ci gaba da haƙuri."

Na shiga lalube a cikin kaina. Wataƙila ta ba ni na manta? Nan ne abin ya fi yi mini ciwo, don ko yanzu ba zan iya rantsewa ba.

"Hamma, ka tsaya in gaya maka yadda nake, kafin ka ƙara cewa komai." Na dafa gefen hagu na ƙirjina. "Nan babu komai, an cire. Abin da kake gani soso ne a cikin riga. Al'adata ta ɗauke tun kimo ta biyu, likita ya ce za ta iya dawowa, za ta iya ƙin dawowa. Akwai ƙwayar da zan sha kullum har shekara biyar, kuma ba a ɗaukar ciki a kanta. Hannun nan yana kumbura in na yi aiki da yawa. Sannan kaina... zan iya manta abin da ka gaya mini da safe. Zan iya manta... manta..."

Kalmar ta gudu. Na tsaya baki buɗe, hawaye suka zubo.

Bai cika mini maganar ba. Ya jira.

"Tukunya a wuta," na ƙarasa.

"To," ya ce. "Na ji. Kin ce in zauna da kaina, na zauna. Wata biyar babu abin da ban auna ba, har da haihuwar. Akwai ranar da na tsorata, ba zan ɓoye miki ba. Amma kullum in na gama tunanin, ke nake son in kira in gaya wa. Shi ya sa na dawo."

"Goggo fa?"

Ya sosa kunne.

"Goggo za ta sauko."

"Ka sosa kunne, Hamma."

Ya sauke hannun da sauri, duk muka yi dariya, ni da hawayena.

Da na koma gida na tarar da Fauziyya ita kaɗai a ɗaki. Na rufe ƙofa.

"Ina zumata?"

Ta ɗago a firgice. Ta buɗe baki, na ga maganar tana zuwa, za ta ce ai ta ba ni na manta. Na ga lokacin da ta fasa. Ta sauka daga katifa ta jawo akwatinta, ta fito da leda. Kwalbar zuma ba a buɗe ba, hula, da wani ɗan ƙaramin littafin addu'o'i.

"Me ya sa, Fauziyya?"

"Da farko na ga kamar ya fi miki sauƙi," ta ce tana kuka. "Kin tashi kina tambayarsa, kin manta komai. Na ce in na gaya miki ke kika kore shi, za ki tsani kanki. Sai ya fara kirana... Adda, babu wanda ya taɓa yi mini magana yadda yake yi. Duk da zancenki yake yi. Sai na fara jiran Juma'a. Na yi zaton in an daɗe zai gaji, ya..."

Ba ta ƙarasa ba.

"Kin san me ya fi ɓata mini rai?" na ce. "Ba son sa da kika yi ba ne. Kin san kaina ya sami matsala, kuma da shi kika yi amfani."

Ta kifa kai a gwiwata. Ban ture ta ba, ban kuma dafa ta ba. Ban gaya wa Dada ba. Bayan sati biyu Fauziyya da kanta ta nemi ɗaki a makaranta ta koma. Mun fi wata shida kafin mu iya zama mu yi hira kamar da.

Saura abu ɗaya da ban sani ba: me Goggo Jumma ta raɗa mini.

Safiyanu ya ce in bari shi zai yi mata magana. Na ce a'a. Ran Laraba da hantsi na sa hijabi na tafi gidansu ni kaɗai.

Na same ta a rumfa tana dama fura. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa tana kallon ƙwarya.

"Goggo, an ce kin zo duba ni a asibiti. Ban samu na yi godiya ba."

Ludayin ya tsaya.

"An ce kin yi mini magana. Wallahi ban tuna ko kalma ɗaya ba, magani ya shafe. Shi ne na zo ki maimaita mini, yanzu da nake cikin hayyacina."

Kaji suna ta tone-tone a gefenmu.

"Da gaske ba ki tuna ba?"

"Da gaske."

"Na ce miki shi kaɗai gare ni namiji," ta faɗa da ƙyar. "Na ce in kina sonsa ki sake shi."

"To. Na ji yanzu," na ce. "Ranar na sake shi, Goggo, ya dawo da ƙafarsa. Yau ba zan iya sake shi ba. Ba zan yi miki alkawarin jika ba, don ba a hannuna yake ba. Amma ba zan ɓoye miki komai ba. In kina so, ranar da zan koma ganin likita mu je tare, ki tambaye shi duk abin da kike son sani."

Ta ɗago ta kalle ni, karo na farko.

"Tun ranar ban yi barci mai daɗi ba," ta ce. "Na je gaida mara lafiya na ɗora mata kaya. Uwata ma wannan ciwon ne ya ɗauke ta, a ƙauye, ko asibiti ba a kai ta ba. Da na gan ki a gadon nan, ita na gani."

Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai zuba fura a kofi ta miƙo mini. Ranar ganin likita kuma, ƙarfe bakwai na safe tana ƙofar gidanmu da mayafinta. Tambayoyin da ta jera wa likitan sun fi nawa yawa.

An ɗaura aure bayan babbar Sallah. Sista Hilda ta zo da ashoben da ta ɗinka da kanta, ta fi kowa rawa. Na koma makaranta da zangon karatu na gaba, da takardar sunayen yara a kan teburina. Ranar kimo ta uku kuwa har yau ba ta dawo mini ba.

Satinmu uku a gidanmu na Barunde, Goggo ta kawo mana ziyarar farko. Na tashi tun safe na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, na zuba man shanu. Muka zauna a tabarma mu uku.

Safiyanu ya kai loma ɗaya, ya tsaya, ya kai hannu ga kofin ruwa.

Na ɗanɗana. Gishiri. Sau biyu na zuba, ko sau uku ma.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na fara jan kwanon.

"Goggo, bari in dafa wani abu..."

Ta riƙe bakin kwanon.

"Bar shi."

Ta ci. Loma bayan loma, tana kurɓar ruwa, har ta cinye malmalarta. Ta wanke hannu, ta miƙe ta ce in biyo ta kicin. Ta ɗauki robar gishirin daga gefen hagu na kantar kicin.

"Kullum a nan take zama?"

"Eh, Goggo."

"To in kin zuba, ki mayar da ita dama. In kin waiwayo kin gan ta a dama, kin san kin zuba." Ta ajiye ta da ƙarfi a ɗaya gefen. "Ni ma haka nake yi shekara uku ke nan. Kar ki gaya wa Safiyanu."

Daga tsakar gida ya ɗaga murya.

"Me kuke ƙullawa ne a ciki?"

Goggo ta leƙa ta taga.

"Maganar mata ce. Ka cinye tuwonka."